Rantsuwar Mai Dafa Mazarƙwaila

Ranar da ma'aikaciyar asibiti ta huda yatsan mijina ta ce yana da ciwon suga, ni ce na fashe da kuka, shi kuwa Nicanor dariya ya yi. Wai shekara talatin da ɗaya yana dafa mazarƙwaila, in ba a samu suga a jininsa ba me za a samu, gishiri? Ta ɗaure masa damtse ta auna, ta ce ga hawan jini kuma. Ta ba shi ƙwayoyi iri biyu, ta zauna ta yi ta bayani, amma Allah ya sani ko rabinsa ban ji ba. Ƙafar Aristides kawai nake gani a gabana.

Aristides yayan Nicanor ne. Ƙaya ce ta soke shi a gonar rake, 'yar ƙaya da ba ta kai a yi maganarta ba. Aka yanke yatsa, aka dawo aka yanke ƙafar daga gwiwa, bayan wata biyar muka kai shi makwancinsa. Ni na yi jinyarsa, don matarsa ta riga shi tafiya. Ni na wanke gyambon nan safe da yamma, har na daina iya cin nama. Saboda haka tun a motar komawa gida na kama hannun mijina na ce, "Tsoho, kai ba za a yanke maka ko farce ba muddin ina numfashi."

Ya ce, "To, Edilma, yadda kika ce." Haka yake ce min kullum. A duk faɗin Kolombiya ba na jin akwai namiji mai sanyin hali irinsa, ni kuwa kowa a kwarinmu ya san bakina.

A injin matse raken Don Ovidio yake aiki, ni ma can nake dafa wa ma'aikata abinci duk makon da ake matsa. Ruwan rake na bin kasake shida a kan wuta, daga wannan zuwa wancan, yana ƙara kauri. Nicanor ne a kan kaskon ƙarshe, shi ke cewa ya nuna. Yakan tsoma yatsu a ruwan sanyi, ya wafto ɗan kaɗan daga cikin tafasar nan, ya mayar cikin ruwa ya mulmula, sannan ya kai baki ya gatsa. Zomo muke ce wa ɗan curin nan. A haƙori yake gane ko lokacin juyewa ya yi, kuma in ya yi kuskuren minti biyu an yi asarar kasko guda. Na ce masa gatsawa dai dole ce, aiki ne, amma ya riƙa tofarwa.

Washegari na tafi wurin yayarsu Tránsito, wadda ke da rumfar ganye a kasuwar Lahadi. Tana jin labari ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, ya cinye min Aristides, yanzu kuma ya dawo kan autanmu? Ba zai yiwu ba. Miƙo jakarki."

Ta cika min ita taf. Garahuni ɗanye, a daka a tace a sha da sassafe kafin a ci komai. Ganyen mangwaro da na gwaba, a jiƙa su kwana. Kirfa a cikin kofi maimakon mazarƙwaila. Wani ganye mai faɗi da muke kira insulina, a tauna biyu bayan abinci. Na hawan jini kuwa tafarnuwa ce sala uku a haɗiye, da zoɓo ba zaƙi a sha kamar ruwa. Na tambaye ta ƙwayoyin asibiti fa. Ta ce ya ci gaba da sha, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Sai na shiga kicin na yi nawa yaƙin. Na hana shi shinkafa, na hana shi rogo da agade, wainar masara ma rabi nake ba shi, daga baya na janye rabin. Ruwan mazarƙwaila da lemun tsami, wanda ko jariri a nan da shi ake yaye shi, na haramta shi a gidana. Mutumin da ke tsaye a bakin wuta wuni guda sai ya koma cin ƙwai da ganye. Bai taɓa yin ƙorafi ba. In ya kurɓi garahunin nan sai ya runtse ido ya ce, "Kai, Edilma, ko jaki aka ba wannan sai ya tuba."

Kuma fa abin ya yi aiki, nan ne ma abin ya ruɗe ni. Da muka koma awo bayan wata guda, sugan da ya haura ɗari uku ya sauko ɗari da talatin. Ma'aikaciyar ta yaba masa, ta ce ya ci gaba da shan ƙwayarsa. Ni ban ce mata uffan game da ganye ba, don na san halinsu, da sun ji ganye sai su taɓe baki. Na fito ina taƙama, na ce tunda kofi ɗaya na garahuni ya yi haka, bari mu mayar da shi biyu.

Wata Jumma'a na kai wa masu wuta abinci, na tsaya daga bayan tarin rake ina kallonsa. Ya wafto zomo ya gatsa, ya ɗaga hannu aka juye kaskon. Ina jira in ga ya tofar. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya waiwaya hagu da dama, ya sake gutsurar wani daga bakin kasko ya jefa a baki.

Ban san lokacin da na dire tukunyar ba.

"Nicanor! Me na gani?"

Ya daskare, bakinsa cike. Ma'aikata duk suka tsaya, har mai tura rake cikin inji ya saki aikinsa.

"Ina can ina dakan ɗaci hannuna ya yi kanta, kai kana nan kana haɗiyar ajalinka? Tun yaushe?"

"Ba kullum ba ne," ya ce a hankali. "Sai in na ji jikina na rawa. Ai matar asibitin nan ta ce in na ji haka in ɗan ci zaƙi."

"Ƙarya kake yi! Ina zaune a wurin. Mai ciwon suga a ce ya ci zaƙi? Ka raina min hankali ne, ko ka ɗauka kurma ka aura?"

Ya sosa ƙeya ya ce wataƙila shi ne bai ji daidai ba. Ni kuwa tuni hawaye ya ɓalle min. Na tuna masa Aristides, na tuna masa warin ɗakin nan, na ce ba zan sake wanke gyambon kowa ba, gara in tattara kayana in koma Bogotá wurin 'yarmu Marleny. Na ja shi da riga har gaban ɗan gurbin da ke jikin ginshiƙi, inda siffar Budurwa Maryamu take da kyandir a gabanta. A wurinmu ba a wasa da alkawarin da aka yi a nan. Mutane na tafiyar kwana biyu a ƙafa don cika irinsa.

"Cire hularka ka rantse," na ce. "Zaƙi ba zai sake wuce maƙogwaronka ba sai ran da ni da bakina na sake ka."

Ya dube ni. Sannan ya cire hular, ya ɗora hannu a ƙafar siffar, ya maimaita kalma bayan kalma a gaban maza goma sha huɗu. Na koma kicin zuciyata wasai, na ce na ceci mijina.

Mako biyu bayan nan aka shiga babbar matsa, Tránsito ta zo taya ni girki. Ranar Laraba Nicanor ya sha ƙwayoyinsa, ya sha garahuni kofi biyu, ya ci ƙwai guda, ya ce cikinsa ba ya karɓar ƙari. Ya tafi bakin wuta tun rana ba ta gama fitowa ba.

Da hantsi ina yankan albasa sai ga Hermes a ƙofar kicin, hula a hannu. Hermes tsoho ne mai jan alfadarai, shi ke sauko da rake daga tudu, kuma tunda na san shi ban taɓa jin bakinsa babu warin giya ba.

"Doña Edilma, Don Nicanor ne ya aiko ni."

"Ya aiko ka me? Ƙafarsa ta karye ne?"

"Ba dama ya bar kasko. Ya ce in roƙe ki ki sake shi na yau kawai. Loma ɗaya, wai jikinsa ba daɗi."

Na ajiye wuƙar. "Au, har ya kai ga aike? Kuma duk duniya ya rasa ɗan aike sai kai?"

"Doña, hannunsa rawa yake, ludayin ma da ƙyar yake riƙewa. Na sha gani da idona, da ya haɗiyi zomo ɗaya yake dawowa daidai."

"Yo kai ma ai da ka kurɓi kwalba hannunka ke daina rawa. Sai mu ce giya magani ce? Kwaɗayi ne ke cin sa, irin naka."

Tránsito ta tuntsire da dariya daga bakin murhu. Hermes bai yi dariya ba. Ya juya hularsa ya ce, "To me zan ce masa?"

"Ka ce masa ko mutuwa zai yi ba zai ci ba."

Haka na faɗa, da wannan bakin nawa. Magana ce irin wadda nake yi sau goma a wuni, ga kaji, ga kare, ga 'ya'yana suna ƙanana. Na koma kan albasata.

Ba a yi rabin awa ba na ji hayaniya. Muka fita a guje. Nicanor na tsaye a bakin kasko yana tangaɗi, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi, fuskarsa fari fat. Yana magana harshensa na harɗewa. Don Ovidio na ta faɗa, wai an ƙona masa kasko guda, wai wa ya ba mutumin nan giya da safiyar Allah.

Hermes ya ce, "Don Ovidio, ni ne malamin maye a wurin nan, shekara arba'in ina karatunsa. Wannan ba maye ba ne."

Sai na lura da hannun mijina. Zomo ne a tafinsa, ya damƙe shi, ya ɗago shi har kusa da haɓa ya tsaya. Idonsa na kaina. Kallona kawai yake yi, leɓensa na motsi. Na taka na je na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na ƙwace abin na wurga cikin wuta. Yatsun nan sanyi ƙalau, a gaban wutar da ke narka ƙarfe, amma ban tsaya na yi tunani ba.

"Sugan ne ya hau," in ji Tránsito. "Dubi gumin nan, ciwon ne ke neman hanyar fita. A kwantar da shi, ina zuwa."

Aka kwantar da shi a inuwa, kan busasshen ɓawon rake. Ta kawo ragowar garahunin safe, na tallafo kansa, muka ɗura masa. Rabi ya shiga, rabi ya bi gefen baki. Jim kaɗan ya rufe ido ya fara minshari. Tránsito ta ce an gode Allah, barci ya samu, a ƙyale shi ya huta. Na lulluɓe shi da mayafina na koma kicin, don maza goma sha huɗu na jiran abincin rana. Na dafa, na raba, na wanke kwanuka. Sau biyu ina leƙowa in ji minsharinsa in ce madalla.

Wajen ƙarfe biyu na kai masa romon kaza. Na taɓa shi na ce, "Tsoho, tashi ka sha." Shiru. Na girgiza shi, kansa ya faɗa gefe. Haƙoransa a datse, wandonsa a jiƙe, idonsa a buɗe kaɗan amma ba ni yake gani ba. Na kwarma ihun da sai da aka kashe inji.

Mota ɗaya ce a wurin, babbar motar Don Ovidio, an riga an yi mata lodi za ta kasuwa. Ba lokacin saukewa. Aka shimfiɗa buhu a saman kayan aka ɗora shi, ni da Tránsito muka hau muka riƙe shi. Awa ɗaya da rabi muna gangara dutse, ina kiran sunansa, ina ce masa ya yi haƙuri mun kusa, yanzu za su sauke masa sugan.

Likitar da muka samu yarinya ce, ba ta kai Marleny ba. Tana jin mai ciwon suga ne ta huda yatsansa tun yana kan gadon da ake tura marasa lafiya. Ta dubi na'urar, na ga fuskarta ta canja.

"Ya hau sosai ko?" na ce. "Ɗari nawa?"

"Bai hau ba, Doña. Ya ƙare ne. Na'urar ma ta kasa karantawa."

Ban gane ba. Na tsaya ina kallonta tana ba da umarni, aka kawo wata ƙatuwar allura, ta nemi jijiya ta fara turawa. Na ce mene ne wannan. Ta ce suga ne.

Na yi kukan kura na riƙe mata hannu. "Suga? Kashe min shi za ki yi? Ciwon suga fa gare shi!"

"Ku fitar min da matar nan!" ta daka tsawa. Wasu maza biyu suka janye ni zuwa baranda, ina turjewa ina zagin ta da uwarta da makarantar da ta koya mata aiki.

An daɗe kafin ta fito. Ta zauna kusa da ni a kan benci, ba ta yi fushi da zagin ba. Ta ce sugan ya dawo daidai amma bai farka ba, kuma wannan ne bai yi mata daɗi ba. Ta tambayi lokacin da abin ya fara. Na ce da hantsi. Ta dubi agogon bango, ƙarfe huɗu ta wuce. Ta tambayi abin da ya ci, na ce ƙwai guda. Ta tambaya ko yana shan wani abu bayan ƙwayarsa. Na fara lissafa mata, garahuni, ganyen mangwaro, ganyen gwaba, kirfa, insulina, tana rubutawa har ta daina rubutun ta zuba min ido.

Tránsito ta ce, "Ganye dai ba ya kisa, 'yata. Tun kakanninmu ake sha."

"Ban ce ba ya aiki ba, Doña. Yana aiki, shi ya sa muke nan. Ƙwayar nan ita kaɗai tana iya kayar da mutum in bai ci abinci ba. Kun ƙara mata garahuni, kun janye masa abinci, ga shi yana aikin ƙarfi." Ta juyo gare ni. "Bai taɓa cewa jikinsa na rawa ba? Gumi mai sanyi, jiri?"

Na ce ya faɗa.

"Ran da aka ba shi ƙwayar ba a gaya muku abin da za ku yi in ya ji haka ba? Kowa muna gaya masa. Ya ci zaƙi nan take."

Ashe gaskiya ya faɗa. Ashe shi ya ji, ni ce ban ji ba, na ƙaryata shi a gaban mutane kuma ya yarda da ni ya bar abin da kunnensa ya jiye masa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Likita," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Da hantsin nan, da ya ci, da ya tashi?"

Ta ga dai ba zan bar ta ba. "Da ya tashi."

"Kamar nawa zai ci?"

Ta ɗaga babban yatsanta ta nuna min gaɓar ƙarshe. "Mazarƙwaila kamar haka. Minti goma ya ishe shi."

Na miƙe na fita waje, ban san inda zan je ba. Motar Don Ovidio na nan a bakin ƙofa, direban na jingine da ita. Ya cire hula ya ce, "Doña Edilma, ya mai jiki? In ba abin da za a buƙata, zan wuce da kayan kafin kasuwa ta tashi."

Sai a lokacin na ɗaga kai na dubi abin da muka kwantar da Nicanor a kai. Kwali arba'in ne na mazarƙwaila, dafuwar hannunsa ta jiya da shekaranjiya. Na saman sun lotsa daidai inda bayansa ya kwanta, ɗaya ya yage, ƙudan zuma har sun taru a bakinsa. Awa ɗaya da rabi kansa na kan cinyata, gwiwata na kan kwalin nan. Na durƙushe a wurin, direban na tambayata lafiya.

Kwana huɗu Nicanor ya yi a gadon nan. Marleny ta zo daga Bogotá, Hermes ma ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, na kasa haɗa ido da shi. Kowace safiya sai in sunkuya daidai kunnen mijina in ce, "Tsoho, na sake ka. Ka ji? Na sake ka, ka ci abin da kake so." Ranar Lahadi da hantsi ya cika, ban san ko ya ji ba.